Sabulun Alhaji Sabo a Tafkin Japanawa

Har yau ban manta da safiyar da injin teleks na ofishinmu ya tofo wata takarda daga Tokyo ba. A tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙarasa. Ku da kuke wannan aiki yanzu, kuna danna waya ku ga cikin ɗakin otal har da launin labulensa, da wuya ku gane yadda mutum zai sayar da wurin da bai taɓa gani ba ga wanda bai taɓa jin sunan wurin ba. Mu haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Bari in ba ku labarin yadda hoto ɗaya ya kusa raba ni da Jidda.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin sanyi. Ina ƙaramin magatakarda a wani ofishin tafiye-tafiye kusa da kasuwar Bab Makka, a Jidda. A sama akwai mudir, wato shugaban ofis kuma mai shi, Ustaz Hamza. Ƙarƙashinsa akwai masu yankan tikiti su biyu. Can ƙasa, kusa da ƙofar bayi, akwai teburina, wanda aka liƙa wa suna sashen masauki. Daga Bur Sudan na zo, inda iyayena suka yada zango a hanyar hajji suka zauna. Ustaz Hamza shi ne kafilina, ma'ana da sunansa aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Ranar da ya ce ya gaji da ni, ranar za a buga mini huruj, wato fita ba dawowa, a saka ni a jirgin ruwa.

Aikin sashen masauki haka yake. Akwai wani littafi mai kaurin tubali, cike da sunayen otal-otal na duniya. Idan baƙo ya ce ga garin da zai je, sai in duba littafin, in buga teleks ga ofishin da muke hulɗa da shi a can, su nemi ɗaki, su amso bayan kwana ɗaya ko biyu. Sannan in cike takardar masauki kofi uku: ɗaya na baƙo, ɗaya na can, ɗaya na fayil. Aiki ne da ba ya buƙatar zuciya. Matsalata ita ce ina da ita, har ta yi yawa.

A lokacin ba ni da abinci sai 'yan littattafan soyayya na aljihu da ake bazawa a ƙasa a Bab Makka, masu zuwa daga Misira da Bairut. A cikinsu na yi makarantar rayuwa. Na san yadda saurayi ke tsayawa ƙarƙashin taga, na san yadda wata ke leƙowa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a duk littattafan nan ba wanda ya taɓa tambayar ina za a kwanta, ko ina bayi yake.

Babban mai hulɗa da ofishinmu shi ne Alhaji Sabo mai rediyo. Yana yaro ya iso ƙasar nan a ƙafa tare da iyayensa, ya tashi a ɗakin langa-langa, ya yi ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa a lungunan Hindawiyya. Daga nan Allah ya buɗa masa, ya zama mai shigo da rediyo da rakoda daga Japan. Duk tikitin iyalinsa, da na yaran shagonsa, da na baƙinsa masu zuwa daga gida, a wurinmu ake yanka. Mutum ne da ya tsani duk abin da zai tuna masa da jiya. Ya sa an kawo masa gado daga Italiya, mai madubi da rediyo a jikin allon kai, kuma ba baƙon da zai sha shayi a gidansa bai shiga ya gai da gadon nan ba.

Wata ranar Asabar ya shigo, Ustaz Hamza na biye da shi yana murmushin da yake ajiyewa don manyan baƙi. Kamfanin rediyo ya gayyace shi Japan, zai tafi da maiɗakinsa, Hajiya Kulu. Kamfani zai sauke su kwana huɗu a birni. Shi kuma yana son ƙarin kwana uku na hutu.

"Kai ne Bashir na masauki?" in ji shi, yana duban saman kaina.

"Ni ne, Alhaji. Barka da zuwa."

"Ka san Inuwa mai yadi?"

Wa bai san Alhaji Inuwa ba? Shagonsa na kallon na Alhaji Sabo, shekara ashirin suna gaisawa da haƙora. A bazarar da ta wuce ya je Landan, kuma tun daga lokacin ko farashin yadi ka tambaye shi sai ya bi da kai ta Landan.

"To," in ji Alhaji Sabo, "wurin da za ka samo mini, ina son wanda Inuwa ko a mafarki bai taɓa gani ba. Inda manyansu ke hutawa, ba inda ake tara baƙi ba. Kuma an ce suna da ruwan zafi mai fitowa daga ƙasa. Hajiya na fama da gwiwa. Ka haɗa mini duka. Halas?"

"Halas, Alhaji," na ce, wato magana ta ƙare.

Littafin tubali bai taimake ni ba, duk otal-otal ne irin na ko'ina. Sai a ƙasan wata durowa na tsinci 'yar takardar talla da ofishin Tokyo ya taɓa aiko mana. A tsakiyarta akwai hoto. Gidan katako ne a gindin dutse, a wani gari da ake kira Hakone. Dusar ƙanƙara ta kwanta a rufinsa, fitilar takarda na rataye a ƙofa, gefe kuma ga tafki kewaye da duwatsu, tururi na tashi daga cikinsa. Irin wannan masauki na gargajiya su suna ce masa riyokan, ruwan zafin kuma onsen. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin lemo, na zauna ina kallon hoton nan har aka kira azahar. Na ga Alhaji da Hajiya a bakin tafkin, shekaru sun zube daga jikinsu, yana riƙe da hannunta. Alhajin da ko sunanta ban taɓa jin ya kira ba, sai dai ya ce "mutanen gida".

Na buga teleks. Washegari Tokyo suka amso da tambaya: masauki irin na Turawa ko irin na Japanawa? Na ce na Japanawa. Suka sake bugowa, kuma nan ne laifina yake, don haka ku saurara da kyau. Suka ce akwai ɗaki, amma shin an sanar da baƙo cewa babu gado, a ƙasa ake shimfiɗa? An sanar da shi cewa wankan tarayya ne, maza gefe mata gefe, kuma ba a shiga da tufa? An sanar da shi cewa abinci abin da gida ya dafa ne, ba zaɓi? Turancina ba mai yawa ba ne, amma na fahimci kowace kalma. Na amsa musu cewa kada a ba su naman alade ko giya, wannan kam na tuna. Sauran kuwa na ce an sanar. A raina na ce, wa zai tsaya maganar gado alhali ga dusar ƙanƙara na sauka a kan fitila?

Na zauna na rubuta wa Alhaji bayanin wurin, shafi guda cur, na je shagonsa na karanta masa. Na ce gida ne da aka gina da itace mai ƙamshi, ba a sa masa ƙusa ko ɗaya ba. Na ce uwargidan da kanta take durƙusawa ta tarbi baƙo a bakin ƙofa. Na ce ruwan daga zuciyar dutse yake fitowa da ɗuminsa, ba hannun ɗan'adam da ya hura masa wuta. Na ce shiru ne a wurin har mutum na jin saukar ƙanƙara.

"Durƙusawa take yi?" in ji Alhaji.

"Har ƙasa, Alhaji."

"A Landan wa ya durƙusa wa Inuwa?" Ya karɓi takardar ya soka a aljihu. "Yaron nan kana da kai."

Suka tashi. Kwana biyar ban ji komai ba, ina tafiya a unguwar Ammariyya kamar wanda ya haɗa aure. Rana ta shida teleks ɗin nan ya iso.

Ofishin Tokyo ne, da ladabin da ya fi zagi ciwo. Suka ce suna baƙin cikin sanar da mu cewa mai girma baƙonmu ya shiga babban tafkin maza da dogon wando, da soso, da sabulu, ya yi wanka a ciki. Suka ce dole aka rufe tafkin, aka kwashe ruwan, aka wanke duwatsun. Suka ce a al'adarsu a waje ake cuɗa jiki a ɗauraye tas, sannan a shiga ruwan don jiƙa kawai, kamar yadda suka tabbata mun bayyana masa. A ƙasa kuma akwai saƙon Alhaji da kansa, wanda tafintan kamfani ya juya Turanci, amma ko a Turancin muryarsa ce: babu gado, babu kujera, ƙofa ta takarda, kifi ɗanye, ina zuwa.

Ustaz Hamza ya karanta sau biyu. Ya buɗe durowarsa ya ciro fasfona, ya ajiye a kan tebur, ya ɗora farantin tokar sigari a kai.

"Ya Bashir, me na ɗauke ka ka yi a nan? Waƙa?"

"A'a, ya Ustaz."

"Sun tambaye ka, ka ce an sanar. Wa ka sanar? Watan da ke sama?" Ya buga yatsa a kan fasfon. "Idan Alhaji ya ɗauke tikitinsa daga ofishin nan, wallahi tikiti na ƙarshe da zan yanka a kansa naka ne. Yalla, tashi ka gyara abin da ya rage."

Na koma kan injin. Na tambayi Tokyo abin da ya kamata in tambaya tun farko: babu wurin wankan da mutum zai shiga shi kaɗai? Amsa ta zo da yamma. Akwai. Ƙaramin ɗakin wanka ne na iyali, ana kulle shi daga ciki, ana ba da shi awa guda ga duk wanda ya nema. Tun farko yana nan. Layi ɗaya na teleks ne tsakanina da duk wannan masifa. Na roƙi a ba su shi safe da yamma, a kuma riƙa gasa kifin. Na tambaya ko baƙo na son a mayar da shi otal a birni. Suka ce baƙo na so ƙwarai, amma matar baƙo ta ce ba inda za ta.

Sauran labarin daga bakin Alhaji na ji shi, washegarin dawowarsu. Ya shigo ofis da hantsi, bai amsa gaisuwar kowa ba. Ustaz Hamza ya shigar da shi ɗakinsa, ya kira ni, ya tsayar da ni a tsakiya kamar ragon da aka gama ciniki.

"Ɗan nan," in ji Alhaji, "me na yi maka?"

"Ba komai, Alhaji."

"Shekara talatin ina wahala don in tashi daga tabarma. Talatin! Ka sa na keta duniya, kwana da wuni a sama, aka buɗe mini ɗaki, me na gani? Tabarma. Daga bango zuwa bango. Na tsaya ina jiran a shigo da kaya, na ce ko ba su gama jere ba. Tafinta ya ce ai an gama. Ɗakin da na tashi a cikinsa a Hindawiyya ya fi shi kaya, don mu muna da akwati."

"Alhaji, ai durƙuson..."

"Ta durƙusa! To ina za ta zauna, akwai kujera ne?"

Ustaz Hamza ya girgiza kai cikin jimami, kamar bai taɓa ganina ba.

"Sai wanka," in ji Alhaji, ya rage murya. "Manajan kamfani da kansa ya rako ni, dattijo mai furfura, wanda muka yini muna magana da shi cikin kwat. Tafinta ya ce girmamawa ce babba, wai wanda kuka yi wanka tare ba ɓoye-ɓoye tsakaninku. Muka shiga. Kafin in cire agogo, na juyo, bawan Allahn nan ya tuɓe. Tsaf! Sai wani ɗan ƙyalle kamar hankici, shi ma a ka ya ɗora shi. A ka, Hamza! Na ce a'uzu billahi. Na ce ni dai da wandona uwata ta san ni. Na runtse ido na faɗa ruwa, na ce in yi abin da ya kawo ni in fita. An ce wanka, na yi wanka. Ina buɗe ido, kumfa ta kai bakin dutse, tsofaffi biyar na fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rusuna mini kafin ya wuce. Ko tari ba wanda ya yi. Da zagina suka yi da na ji daɗi."

Ya juya ga mudir. "Daga yau, Hamza, fayil ɗina..."

Bai ƙarasa ba aka turo ƙofa. Alhaji Inuwa mai yadi ne, da carbinsa da fara'arsa. Daga baya na gane ɗaya daga cikin masu yankan tikitinmu ne ya kai masa labari tun ranar teleks.

"A'a, Alhaji Sabo! Lale da mutanen Japan! Na je shago aka ce kana nan. To ya hanya? Ni fa wata magana na ji, na ce ƙarya ne. Wai a ƙasa ka kwana?"

Na ga wuyan Alhaji Sabo ya kumbura. Na ce shi ke nan, yau har duka zan sha kafin huruj. Ya dubi Inuwa, ya dube ni. Sai ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"A ƙasa mana," in ji shi. "Kai a Landan a kan me ka kwana?"

"Gado, mana. Gado na gaske."

"Irin wanda direban tasi ke kwana a kai." Ya yi 'yar dariya. "Ai Inuwa, can ƙananan mutane ake ba gado. Na birni, na 'yan kwadago. Idan ka kai wani matsayi sai a kai ka dutse. Gida ne da aka gina da itace mai ƙamshi, ba a sa masa ƙusa ko ɗaya ba. Uwargidan da kanta take durƙusawa ta tarbe ka. Ruwan daga zuciyar dutse yake fitowa, ba hannun ɗan'adam da ya hura masa wuta."

Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, ko waƙafi bai canza ba.

"Na ji har an rufe tafki saboda kai," in ji Inuwa, amma muryarsa ta fara sanyi.

"An rufe. Bayan na fita aka kwashe ruwan gaba ɗaya, ba wanda aka bari ya shiga a bayana. Daga nan suka ware mini nawa ni kaɗai, da makulli. A Landan an ware maka?"

Carbin Alhaji Inuwa ya tsaya. Ya dubi Ustaz Hamza. "Wannan wurin, kowa kuke samar wa?"

"Ba kowa ba," in ji mudir, wanda ya riga ya zare fasfona daga ƙarƙashin farantin tokar sigari ya jefa a durowa. "Ni da kaina na zaɓa wa Alhaji shi. Amma saboda kai, za mu gwada. Ya Bashir, buɗe fayil."

Da Inuwa ya fita, Alhaji Sabo ya miƙe, ya kama kunnena da yatsa biyu kamar zai gaya mini sirri, ya murɗa.

"Fayil ɗina na nan," in ji shi. "Da sharaɗi ɗaya. Tabarma ya riga ya sani. Maganar wanka kuwa, idan ka buɗe baki ka gaya masa, ni da kai ne. Ka bar shi ya tafi da sosonsa."

Zan so in ce muku na ƙi. Ban ƙi ba. Ina da uwa a Bur Sudan da ke jiran abin da nake aikawa, fasfona kuma na cikin durowar wani. Na nema wa Alhaji Inuwa ɗakin wanka na iyali, na rubuta a takardarsa, na yi shiru da sauran. Shi kuwa da ya isa ya ce ba shi za a ɓoye a ƙaramin ɗaki ba, babban tafkin da Sabo ya shiga shi zai shiga. Bayan wata biyu teleks ya sake zuwa, kusan kalma da kalma. A ƙarshensa suka ƙara cewa masaukin na baƙin cikin sanar da mu ya cika, bana da baɗi, ga duk baƙon da ya fito daga Jidda. Alhaji Inuwa ya dawo yana yabon wurin fiye da Alhaji Sabo.

Mutum ɗaya ce ta gaya mini gaskiya a duk tafiyar nan. Na kai wasu takardu gidan Alhaji Sabo, ba ya nan, Hajiya Kulu ta yi mini magana daga bayan labule.

"Kai ne Bashir? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Gwiwar nan har sujada nake yi yanzu ba tare da kujera ba."

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Ku yafe mini wahalar da na jawo."

"Wace wahala? Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, ba shago ba waya. Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa cin abinci tare da shi ba sai can. Kifin ne ya ba shi tsoro, ya ce Kulu ɗanɗana mini. Ka ji, har sunana ya tuna."

Na fito ina jin kamar littattafan Bab Makka ba su yi mini ƙarya duka ba. Ko da yake a cikinsu ba tsoron ɗanyen kifi ke haɗa masoya ba.

Abin da na koya, ku ma ku riƙe. Kafin ku nuna wa baƙo hoto, ku gaya masa inda zai kwanta, da yadda zai yi wanka, da abin da za a sa masa a gaba, musamman wanda bai taɓa zuwa ba. Idan ofishin can suka tambaya ko an sanar, to sun san abin da suka gani ne. Ni ban tsira don na iya aiki ba. Na tsira ne don yawancin masu zuwa teburinmu ba hutu suke saya ba, abin da za su faɗa wa maƙwabci idan sun dawo suke saya, kuma mutum zai haɗiye kowace irin kunya muddin maƙwabcin bai ga yana haɗiya ba.

Gadon Italiya kuwa, kafin shekara ta zagayo an mayar da shi ɗakin baƙi. Duk wanda ya je shan shayi gidan Alhaji Sabo sai an shigar da shi ya ga tabarmar da Alhaji ke kwana a kai, irin ta manyan Japan, a cire takalmi a yi shiru. Ta kaba ce. A Bab Makka aka saye ta, ni aka aika.